Hoton Zuciya A Kan Gadon Jinya

 

Sanin kowa ne a ƙasar Hausa jinya ta mace ce. In maigida ya kwanta, uwargida ce a bakin gado. In yaro ne, uwa ce. In kuwa tsohuwa ce, to 'yarta ko surukarta ce za ta shimfiɗa tabarma a barandar asibiti, ta kwana da fulas da buta. Mu likita yake tararwa in ya zo zagaye, mu ake miƙa wa takarda a ce a je a yi gwaji kaza, mu ne kuma dangi suke kira a waya suna tambayar me likita ya ce. Sau da yawa kuwa kunne ne kawai ya ji, ba mu gane ba, ga kunya ta hana mu tambaya. Dalilin ke nan da na ga ya dace in ba ku labarin wani gwaji wanda sunansa kaɗai ya isa ya tayar wa mutum da hankali, wato hoton zuciya da sinadarin nukiliya, da yadda ake turo na'urarsa har bakin gadon wanda ciwo ya tsananta gare shi, ba ya motsuwa.

A shekarar 2012 mahaifiyata ta zo wurina a Amurka, inda muke zaune da maigidana, domin haihuwata ta uku. Lokacin Inna tana da shekara 63, ta fi shekara goma tana fama da ciwon suga da hawan jini. Irin matan nan ne masu ɓoye ciwo, waɗanda in ka ce "Yaya jiki?" sai su ce "Da sauƙi," ko da kuwa suna jin jiki. Ashe kwana biyu ta yi tana jin nauyi a saman cikinta, ga zufa, ga kasala, ta ɗauka ƙwannafi ne, ta yi shiru don kada ta tayar wa mai jego hankali. A dare na biyu numfashi ya gagare ta, aka kira motar asibiti.

A daren aka zura mata wani siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa zuciya, aka ɗauki hoton hanyoyin jini. Zuciya, duk da ita ce take tura jini ko'ina, ita ma tana da manyan jijiyoyi uku da suke ciyar da namanta. Na Inna duka ukun sun tsuke, ɗaya ma ta toshe gaba ɗaya. Zuciyar ta raunana, ruwa ya taru a huhu, aka sa mata na'urar taimaka wa numfashi, aka kai ta ɗakin kulawa ta musamman. Wadda ta taɓa shiga irin wannan ɗaki ta san abin da nake nufi: bututu a baki, bututu a wuya, allurai a hannu biyu, kwalaben ƙarin ruwa sun fi biyar, kowace da injin da yake auna ɗigonta, ga talabijin a saman kai yana zana bugun zuciya dare da rana.

A rana ta huɗu likitar zuciya ta kira ni da maigidana gefe. Ta ce lafiyayyar zuciya tana fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, ta Inna kuwa ba ta wuce kashi 25 ba. Akwai aikin da za a iya yi, a ciro jijiya daga ƙafa da cikin ƙirji a yi wa jinin sabuwar hanya ta kewaye inda ya toshe. To amma aiki ne babba, kuma kafin likitocin fiɗa su sa wuƙa suna son sanin abu ɗaya: naman zuciyar nan da ya daina motsi, mutuwa ya yi ko suma?

Ga yadda na fahimci bayaninta. In jini ya yanke wa wani sashe na zuciya baki ɗaya, sashen yakan mutu ya zama tabo, kuma tabo ko an kawo masa jini ba zai sake motsi ba. Amma in jinin raguwa ya yi, wani lokaci naman yakan lafe, ya rage aiki don ya tsira da ransa. Tana faɗin haka sai na tuna gaiwa, kifin nan da in rani ya yi tafki ya ƙafe yake shigewa cikin laka ya yi lamo, ka rantse ya mutu, sai damina ta dawo ka ga ya farfaɗo. To in naman zuciyar Inna gaiwa ce a laka, akwai fatan aikin zai yi amfani. In kuwa yawancinsa tabo ne, za a sa tsohuwa cikin haɗarin fiɗa, ribar kuma kaɗan.

Na tambaye ta ko sikanin da suke yi mata kullum bai isa ya nuna ba, wato eko, ɗan'uwan sikanin da ake yi mana in muna da juna biyu. Ta ce eko ne gwajin farko a wurin kowane mai ciwon zuciya, sai dai yana aiki ne da sauti, sauti kuwa ba ya ratsa iska da kyau. Injin numfashi ya cika huhun Inna da iska, ga ta mai jiki, saboda haka hoton yana fita dishi-dishi. Manyan na'urorin da za su ba da amsa suna can ƙasan bene, a wani ɓangare na asibitin. Kai ta can kuwa yana nufin a cire ta daga babban injin numfashi a sa mata ƙarami, a tura gado da kwalabe da injina cikin lif da dogon baranda. A irin wannan tafiya bututu na iya zamewa, jini na iya faɗuwa, iskar jiki na iya raguwa, kuma in abin ya faru a hanya ba kayan ceto kamar na cikin ɗakin. Sai ta ce suna da ƙaramar kyamara mai taya wadda za a kawo bakin gado, amma sai an yi wa Inna allurar wani sinadarin nukiliya mai suna taliyom, kuma tunda ba ta cikin hayyacinta, ni ce zan sa hannu.

Ban sa hannu nan take ba, don ni ce auta, ina da na gaba. Na kira babban yayanmu a Kano. Ina ambatar kalmar nukiliya ya katse ni.

"Auta, kina jin abin da kike faɗa kuwa? Abin da aka jefa wa Hiroshima za ki bari a ɗura wa Inna a jijiya?"

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri ka saurare ni. Sun ce ɗan kaɗan ne."

Ya ce, "Guba ma ai kaɗan ake sha. Kada ki sa hannu sai na ji abin da zai kwantar mini da rai. In wani abu ya same ta, me za ki gaya wa dangi?"

Ni ban ga laifin Yaya ba. Wanda bai taɓa jin kalmar nan ba sai a labaran rediyo, tare da bam da takunkumi, dole gabansa ya faɗi. Kuma tambayarsa ta ƙarshe ita ce ta hana ni barci, domin duk wadda ta taɓa jinyar uwa ta san nauyin a ce ke ce kika yarda. Sai na ɗauki biro da takarda, na rubuta duk tambayoyin Yaya da nawa, na koma wurin likitar, na ce ta yi mini bayani kamar tana yi wa yarinyar firamare. Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata.

Abu na farko da ta nuna mini shi ne kyamarar ita kanta ba ta harba wa mutum komai. A hoton ƙirji da muka saba, injin ne yake haska mutum daga waje. A wannan kuwa, sinadarin da aka sa a jini ne yake fitar da wani haske wanda ido ba ya gani, kyamara kuma aikinta kamawa kawai. Kamar a ce an kunna 'yar fitila a cikin ɗaki, ke kina waje kina kallon inda haske yake fitowa. Shi taliyom, ƙwayoyin naman zuciya masu rai suna shanye shi kamar yadda suke shan wani gishirin jiki da suke buƙata. Mataccen nama ba ya shan komai. Saboda haka inda ke da rai zai yi haske, tabo kuma zai zauna baƙi.

Na biyu, sinadarin ba ya dawwama. Kowane irinsa yana da lokacin da ƙarfinsa yake raguwa da rabi. Na taliyom awa 73 ne, kimanin kwana uku. Akwai wani da aka fi amfani da shi a duniya, teknishiyom, nasa awa 6 ne kacal, ta yadda in aka kwana aka wuni abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin 16 ba, ban da wanda yake fita ta fitsari. Na uku, ba ta ɓoye mini ba cewa akwai tururi, kuma na taliyom ya fi na teknishiyom. Ta ce kowannenmu yana samun irin wannan tururi kullum daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci, abin da Inna za ta samu a wannan gwaji zai kai na 'yan shekaru a haɗe. Shi ya sa ba a yin sa don sha'awa. Amma ga mai shekara 63 da ke tsakanin rai da mutuwa, haɗarin shiga fiɗa a makance ko haɗarin barin ta haka ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Sai na kawo tawa damuwar. Ina shayar da jinjiri ɗan wata guda, kuma ina wuni a gefen Inna. Ta ce nonona ba abin da zai same shi, tunda ba ni aka yi wa allurar ba. Abin da ake kiyayewa shi ne mai ciki ko ƙaramin yaro kada su daɗe manne da jikin wanda aka yi wa a kwanakin farko, sannan ma'aikata suna lura da yadda ake zubar da fitsarinsa.

Na kira Yaya na karanta masa abin da na rubuta, ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shiru mai tsawo, har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, "Addininmu ya umarce mu da neman magani, warkarwa kuma ta Allah ce. Ki yi istihara, ni ma zan yi. In ranki ya natsu da safe, ki sa hannu da yawuna." Da safe na sa hannu.

Wajen ƙarfe goma wata ma'aikaciya ta turo na'urar. Tsayinta ya kusa nawa, tana tafiya a kan taya da ɗan inji saboda nauyi, tana da hannu mai lanƙwasa, a ƙarshensa wani faifai mai kauri. A fuskar faifan akwai farantin dalma mai dubban ƙananan huji kamar saƙar zuma, wanda ba ya barin haske ya wuce sai wanda ya taho a miƙe, don kada hoton ya cakuɗe. Allurar ma a cikin kube na dalma ta zo, saboda ita ma'aikaciyar kullum tana cikin wannan aiki, dole ta kare kanta. Ruwan da ke ciki bai kai cokalin shayi ba. Ta zuba shi ta bututun da ke hannun Inna, aka jira kamar minti goma sha biyar, sannan ta sauko da faifan daf da ƙirji. Abin da ya faranta mini rai, ba a yaye mata riga ba, ta saman tufa ake ɗauka, ƙarfe kawai ake kawarwa. Inna mace ce mai tsananin kunya, na san da idonta biyu abin da za ta fara tambaya ke nan.

Ta ɗauka ta gaba, ta ɗauka ta gefe, ta ɗauka ta karkace, kowanne 'yan mintoci. Ba ƙara, ba zafi, ba a cire ko bututu ɗaya ba. Ina zaune da carbi ina kallon ɗigo-ɗigon haske suna taruwa a kan allon kwamfuta har suka zama wani zobe mai giɓi. Giɓin babba ne, ni da ban san komai ba ma na gan shi, gabana ya faɗi. Ma'aikaciyar ta ce in dakata, ba a gama ba. Bayan awa huɗu ta dawo ta sake ɗauka ba tare da sabuwar allura ba. Hikimar ita ce, naman da jini yake isa gare shi da ƙyar yana buƙatar lokaci kafin ya sha rabonsa. A hoto na biyu mafi yawan giɓin ya cike, sai ɗan wuri a can ƙarshen zuciyar ya rage baƙi.

Likitar ta ce alama ce mai kyau, amma ta ja mini kunne cewa hoto ba ya yin alkawari, shaida ce ɗaya cikin shaidu, sai an haɗa da ƙarfin ƙoda da huhu da yanayin jijiyoyin. Gaskiyarta kuwa, domin manyan binciken da aka yi sun nuna wannan hoto shi kaɗai ba ya yanke hukuncin wanda fiɗa za ta amfana. Bayan kwana tara, da aka samu jikin ya ɗan daidaita, aka yi aikin. Wata shida bayan nan ƙarfin zuciyarta ya hau zuwa kashi 40. Ta koma Kano, ta yi Umara, ta aurar da jikokinta biyu, sannan Allah Ya karɓi abarsa a 2019. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

Daga baya na bi diddigin wannan fasaha. Wani Ba'amurke mai suna Hal Anger ne ya ƙera kyamarar a ƙarshen shekarun 1950 a Kalifoniya, kuma a shekarun 1970 aka fara ɗaukar hoton zuciya da taliyom. Ban da irin gwajin da aka yi wa Inna, ana iya manna teknishiyom a jajayen ƙwayoyin jinin majiyyaci, kyamara ta bi ɗaruruwan bugu, kwamfuta ta lissafa ainihin kashin jinin da zuciya take fitarwa. Ana kuma duba huhu da ita in ana zargin gudan jini ya toshe hanya. Sai dai ƙaramar tana da iyaka. Babbar da ke girke a ɗakinta kewaya mutum take yi, kwamfuta ta yanka hoton zuciyar sala-sala kamar burodi, don haka ta fi nuna dalla-dalla. Ga wanda zai iya zuwa, babbar ake zaɓa. A yau ma eko da sauran sababbin na'urori sun ɗauke mafi yawan aikin, ƙaramar kyamarar tana nan ne domin irin halin da Inna ta shiga.

To mu a gida fa? An buɗe cibiyar wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2006 da taimakon Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, an kuma kafa sashensa a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, haka nan a Yamai ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni. Wahalar ita ce sinadarin ba ya ajiyuwa. Teknishiyom ana tatso shi ne daga wani sinadari da ake samu in an fasa yuraniyom, irin ma'adinin da aka fara haƙa a Arlit ta Nijar a 1971. Ƙasashe ƙalilan ne suke da tukunyar da ke sarrafa shi, irin su Afirka ta Kudu da Holan da Beljiyam da Ostareliya, kuma ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan awa 66. Jirgi ya makara, ko kaya su kwana a filin jirgi, to kuɗi ne suke narkewa kamar ƙanƙara a rana. Tukunyar da aka kunna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 2004 ƙarama ce, ta bincike da koyarwa.

Saboda haka 'yar'uwa, abin da ke hannunmu shi ne kada mu bari a kai ga wancan ɗaki. Ki sani ciwon zuciya a jikin mace, musamman mai ciwon suga, ba kullum yake zuwa da ciwon ƙirji ba. Yakan zo da nauyin ciki, tashin zuciya, zufa mai sanyi, haki, ko ciwo a muƙamuƙi da kafaɗa da baya. In kin ga haka ga tsohuwarki ko maigidanki, asibiti za a nufa a lokacin, domin kowace awa nama ne yake mutuwa. Ki riƙa auna hawan jini da suga, wanda aka ɗora a kan magani kuma kada ya daina don ya ji sauƙi.

Masu jego ma a sa musu ido. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka gano raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a yankinmu, kusan mace 1 cikin 100, binciken Sakkwato na 2007 ma ya samu kwatankwacin haka. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, a kai ta a yi mata eko. Kanwa kuwa gishiri ce, mai hawan jini ko raunin zuciya ta nisance ta.

In kuma likita ya tura ki ko wani naki hoton zuciya na nukiliya, kada sunan ya razana ki. Ki faɗa masa in kina da ciki ko kina zato, ki faɗa masa in kina shayarwa, domin wani sinadarin ba ya buƙatar a dakatar da nono, wani sai an dakata na awoyi, taliyom kuwa na kwanaki. Akwai nau'in gwajin da ake ba mutum maganin da ke buɗe jijiyoyin zuciya, shi wannan ana hana shan shayi da kofi da lemon kwalba mai baƙi na awa 12 zuwa 24 kafin a yi. Likitan waje ba lallai ya tuna da goro ba, alhali sinadarin da ake gudu yana cikinsa, to ke ki tuna, ki karɓe na aljihun Alhaji tun jajibiri. Sannan ki tafi da biro da takarda. Ki tambayi me ake nema a gwajin, me zai canja in an samu amsa, akwai wani gwaji da ya fi sauƙi ko babu. Likita nagari ba ya jin haushin tambaya, kuma abin da kika rubuta shi ne za ki karanta wa dangi, a yanke shawara tare, kada nauyin ya zauna a wuyanki ke kaɗai.

Allah Ya ba mu ikon kula da iyayenmu kamar yadda suka kula da mu muna ƙanana, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya sa wahalar marasa lafiya ta zama kaffara.